Garwa Biyu a Dandalin Makaranta

Na ga abin da kuke yi a tsakar gida da wayar hannu: ɗaya ya naɗa tawul a ka, ɗaya ya maƙale murya, na uku yana ɗauka, ku ce kun yi wasan kwaikwayo. Rannan ma ɗan ƙanena Mubarak, mai kirana Ammi, wato baffa a Larabce, ya dube ni ya ce, "Ammi, wannan ai ba sana'a ba ce. Kowa ya iya ƙarya." Ban tanka masa ba a lokacin, domin ina cin abinci. Yanzu na gama.

Takardar da ta kawo ni Madina a farkon shekarun casa'in cewa ta yi ni malamin Ingilishi ne, a wata makarantar samari mai zaman kanta a unguwar Khalidiyya. Can ƙasan takardar aka ƙara cewa zan kula da masrah, wato wasan dandali na ɗalibai. Wanda ya rubuta ya ɗauka ƙari ne, kamar gyaɗar da mai awo ke zuba maka bayan ciniki. Ni kuwa a wurina Ingilishin ne ƙarin.

Aikina na farko a sana'ar nan ɗaukar akwati ne. Ina ɗalibi a Zariya wani Bature ɗan wasa ya zo daga Ingila ya yi mana damina guda yana koyarwa. Dogo muke ce masa. A lokacin sunansa bai wuce garuruwan ƙasarsu ba. Ni aka ɗora wa kayansa: akwatin fenti, kwalbar manne, da gemu iri uku a naɗe cikin takarda. A bakinsa na ji yadda ya fara. Sharar dandali ya soma a wani ƙaramin gari a bakin teku, inda ake canza wasa kowane mako, mutum na yin na wannan makon yana haddace na gaba. Ya yi shekaru yana tsayawa bayan sarki riƙe da mashi, ba a ba shi ko kalma ɗaya ba. Ya ce a nan ya koyi tsayuwa, kuma ita ce ta fi wuya. Tsofaffi yake fitowa tun gemunsa na gaske bai tsiro ba.

Wata rana ya sa ni in shigo a matsayin matafiyi da ya sauka daga jirgin ƙasa. Na shigo da akwati ina nishi, ina share gumin da babu shi, ina jin na yi abin a yaba. Ya tsayar da ni, ya karɓi akwatin da yatsa biyu, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Sannan ya aike ni bayan ɗaki in ciko shi da bulo. Da na dawo ban yi nishi ba, ban share komai ba, hankalina duk yana kan yadda zan kai shi kujera ban faɗi ba. Ya ce, "Ka gani? Mutumin da ke kujerar ƙarshe ya taɓa ɗaukar kaya. Bakinka zai iya ruɗarsa, kafaɗarka ba za ta iya ba." Darasi na biyu da ya ba ni shi ne, idan taro ya tsorata ka, ka zaɓi fuska ɗaya a cikinsa ka yi mata magana, ka manta da sauran. Da waɗannan biyun na ci abinci har na yi ritaya.

Bayan na zo Madina ne Dogo ya zama wanda duniya ta sani. Gari ne da babu gidan silima, amma akwai abokina Lawal, mai haɗa magunguna a asibiti, wanda duk hutun da ya biyo ta Landan sai ya sako mini kaset ɗin bidiyo a cikin kaya. A falona na ga Dogo ya zama sarki, ya zama alƙali, ya zama ɗan leƙen asiri, daga baya ya zama kakan yara a fim ɗin da ƙananan 'ya'yana suka fi ni sani. Har sarauniyarsu ta ba shi sarauta. Lawal labarin yake bi. Ni hannunsa nake kallo. In ya ɗauki kofin shayi, akwai shayi a ciki, kuma da zafinsa.

Kayan aikina a makaranta ba su da yawa. Dandalin katako ne a ƙarshen zauren taro, da labule mai ruwan toka, da fitilu biyu da ɗaya ke da ra'ayin kanta. Gemu da audugar kemis nake yi, furfura da garin alli, tamoji da bakin gawayi. Ba kiɗa, ba mace a dandali. In wasa na buƙatar uwa, ƙofa ce uwar: yaro ya tsaya yana magana da ƙofa a rufe, ya yi shiru gwargwadon amsarta, ya ci gaba. Ku gwada. In shirun ya gajarta an san ba kowa a ciki, in ya yi tsawo a ɗauka ka manta zancenka. Sannan dole wasa ya shiga tsakanin magariba da isha'i ya fito, domin ladan ba ya jiran labule.

Masu cinikina iyaye maza ne, waɗanda ke zama a layin gaba da gahawa da dabino. Kafin su akwai mai duba rubutu daga ofishin ilimi, mutum mai kirki wanda duk abin da aka kira turas, wato kayan gadon kakanni, zai sa masa hannu ko bai karanta ba. Iyayen ne matsala. Kowa so yake ɗansa ya fito alƙali ko likita. Na taɓa shirya wasan shari'a mai alƙalai uku, ba ɓarawo ko ɗaya, saboda ba uban da ya yarda. Sai muka ce ɓarawon ya gudu, aka yanke masa hukunci a bayan idonsa. An yi ta tafi.

Shekarar da ta kusa raba ni da sana'ata ita ce shekarar kwamfuta. An kawo sabon mudir, shugaban makaranta, saurayi mai ladabi. Wata safiya na tarar da shi a kan dandalina da igiyar awo, yana lissafin tebura nawa wurin zai ci. Bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Ya ustaz, ma'alesh, sai haƙuri. Hafla, wato bikin ƙarshen shekarar nan, ita ce ta ƙarshe a kan katakon nan, sai fa in majalisar iyaye ce ta ce a bar shi." Wanda majalisar ke bin maganarsa kuwa shi ne Alhaji Bashir, da kowa ke kira Abu Hamza. Haifaffen Madina ne, babban ma'aikaci a wani ofishin gwamnati, Bahaushe ne ta uwa da uba, amma Hausar ba ta fita daga bakinsa sai in ransa ya ɓaci ko yana gaban mahaifinsa. Ɗansa Hamza, wanda ke ajin ƙarshe, shi ne ɗan wasan da ya fi kowa a hannuna. Na ga abin ya zo da sauƙi: in ba Hamza babban matsayi, uban ya ji daɗi, dandali ya tsira.

Na rubuta wasa a kan sagga, mai ga-ruwan Madina kafin zuwan famfo, wanda ke ratsa lunguna da sanda a kafaɗa da garwa biyu a rataye. Na samo garewanin man girki a wani kanti a Anbariyya, kafinta ya fere mini sanda. Ranar gwajin farko Hamza ya rataya su wofi, ya shigo yana ɗingishi, yana lilo da su, yana murguɗa baki. 'Yan ajinsu har da faɗuwa ƙasa don dariya. Na bari suka gama, na nuna masa famfon alwala.

"Je ka ciko su."

Da Larabci ya amsa, kamar kullum. Ni in yi masa Hausa, shi ya mayar da Larabci, haka muke. "Ya ustaz, haram alek, ka ji tausayina. Wa zai gani ko da ruwa ko babu?"

"Mutumin da ke kujerar ƙarshe."

Takun farko ruwa ya wanke masa tobe, farar jallabiyarsa, har gwiwa. Ya yi kwanaki yana jiƙa mini katako, kafaɗarsa ta kumbura, ɗingishin nan ya ɓace da kansa, saboda mai ɗauke da ruwa ba shi da sukunin ɗingishin ƙarya. A hankali ya gano cewa gajeren taku ake yi, ƙugu ke tafiya, kafaɗa na tsaye. Wata rana ya sauke, yana murza wuya, ya ce a hankali, "Jaddi wannan aikin ya yi." Kakansa ke nan, Baba Idi, wanda ya tako daga Damagaram yana saurayi, ya yi aikin hajji, ya zauna. Ban sani ba sai ranar. Na ɗauka ma sa'a ce.

Ana cikin gwaji wata la'asar Abu Hamza ya zo ɗaukar ɗansa da kansa. Hamza na tsakiyar dandali da gemun auduga, ya buɗe maƙogwaro yana kiran masu son ruwa, sai idonsa ya sauka a kan ubansa a bakin ƙofa. Muryar ta mutu a tsakiyar kalma. Ya sauke garewanin, ya durƙusa a nan inda yake, ya sunkuyar da kai, gemun na reto. Yaron da ba ya amsa Hausa, ashe gwiwarsa na jin ta sarai.

Uban ya ja ni gefe, kuma da Hausa ya yi mini magana, wanda ya isa ya gaya mini halin da nake ciki.

"Ustaz, sandar nan mun baro ta a baya. Alƙalami na kawo shi ya riƙe."

"Ranka ya daɗe, wasa ne kan tarihin gari."

"Tarihin gari a wurinka. A wurin 'yan ajinsu kuwa, daga gobe sunansa ɗan sagga." Ya gyara zaman mayafin kansa. "Ban hana ba. Ba na so a ce na hana. Zan zo ran hafla in zauna a gaba. In zai iya yi a kan idona, ya yi."

Ya san ɗansa, ya kuma san ba zai iya ba. In Hamza ya daskare a gaban iyaye da mai duba rubutu, ba sai kowa ya yi jawabi a majalisa ba. Kafinta kawai za a kira.

A nan ilimin Dogo ya tsaya. A ƙasarsu ɗa na iya hawa dandali ya daka wa duniya tsawa ubansa na zaune yana tafa masa. Bai taɓa gaya mini yadda ake da yaron da ba ya iya ɗaga murya inda mahaifinsa ke numfashi ba. Na gwada abin da na sani. Na zaunar da malamin lissafi a layin gaba na ce shi ne uban, Hamza ya yi wasansa lafiya lau, domin ba wanda ke jin kunyar malamin lissafi. Na ce zan kashe fitilun zaure. Ya ce ko tarin abuya, wato babansa, ya ji zai gane. Na nemi wani yaron ya karɓi matsayin, iyaye biyu suka bugo wa mudir waya tun kafin in gama tambaya.

Na rasa abin yi, sai na ce Hamza ya raka ni unguwar Jurf in gaida kakansa, ko ba komai in ga mutumin da na rubuta ban sani ba. Muka tarar da shi a kan darduma a inuwar katanga, ɗan tsamurmurin tsoho, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Yana ganin jikan ya ce, "A'a, ga ragon nan. Ɗan shinkafa da kaza. Me ka zo ci?"

Sai na ji Hausa ta fito daga bakin Hamza, tsaf, irin ta Damagaram. "Tsoho, ashe kana nan? Na zo ɗaukar matata ne. Ta ce ta gaji da mai haƙori biyu."

"Da wace kafaɗar za ka riƙe ta? Wannan mai kama da ƙwai?"

Yaron ya miƙe, ya kwaikwayi tafiyar tsohon a gabansa, har da yadda yake dafa ƙugu, tsohon na dariya yana neman takalmin da zai jefe shi. Ni kuma na zauna da kofin shayi ina kallon abin da na sani tun ina yaro na manta: wanda ake kunya daban, wanda ake wasa da shi daban, kuma a gida ɗaya suke. Fuska ɗaya Dogo ya ce a zaɓa. Bai ce wacce ba.

Na kwashe labari duka na gaya wa Baba Idi, har da maganar ɗansa. Ya murza carbi.

"Ruwan gaske ka sa masa?"

"Na gaske, Baba."

"To, zan zo."

"Sai dai Alhaji Bashir bai san na zo nan ba."

"Ni zan gaya masa. A mota, in zai kai ni."

Ran hafla, bayan magariba, na leƙa ta gefen labule. Layin gaba fari fat da tobe, ga mudir, ga mai duba rubutu, ga Abu Hamza da alkyabbarsa mai bakin zinariya, fuska a ɗaure. A gefensa ga tsoho cikin babbar riga shuɗiya da hula, shi kaɗai a zauren, kamar an ɗiga tawada a takarda. Na manna wa Hamza gemu, na ɗora masa sanda, na ce, "Mai shuɗiyar riga kaɗai ya zo. Sauran kujeru ne."

Ya fita, ya yi taku kaɗan, ya tsaya. Ido ba ya bin umarni. Wurin uban ya fara zuwa. Na ga gwiwarsa ta soma lanƙwasa. Zaure ya yi tsit, ana jin ɗigar ruwa a katako. Mudir ya dubi agogonsa.

Sai muryar tsoho ta taso, ba da ƙarfi ba, kamar yana zaune a inuwar katangarsa. "Ka tsaya kamar jakin da aka ɗaure. Mutanen gidan ƙishirwa suke ji, malam ango."

Hamza ya juya kai ya same shi. Na ga kafaɗar ta daidaita a ƙarƙashin sandar. "Bi layi, tsoho," in ji shi, "ba a fara ba wa masu surutu." Waɗanda ke jin Hausa a zauren, kuma sun fi yadda mudir ke zato yawa, suka tuntsire da dariya. Sauran suka ɗauka cikin wasan ne. Daga nan ya buɗe murya da kiran ruwa, ya tafi.

Akwai wurin da saggan ke kai ruwa wani gida da tsakar ranar azumi. Ya yi sallama a ƙofa, ya jira mata su kauce, ya shiga kai a ƙasa, ya juye a randa. Ruwan na zuba, shi kuma yana kallonsa, bakinsa a bushe. Ban koya masa wannan kallon ba. Ban ji ƙarar kofin gahawa ko ɗaya ba har ya gama. Wani dattijo Balarabe a layi na biyu ya ambaci sunan saggan lungunsu a fili, ya yi masa addu'a, na kusa da shi suka amsa. Abu Hamza bai motsa ba. Ko da yana da abin faɗa, shi ma a gefen ubansa yake zaune.

Da aka gama, yara suka jeru suna karɓar tafi, garewanin na gefe an sake cika su tun kafin fitowar ƙarshe. Sai Baba Idi ya miƙe, ya nufi matakala. Ba wanda ya iya tare shi. Ya hau, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya zai kama sandar.

Ba ɗan da zai zauna a kujera mahaifinsa na ɗaukar kaya a gaban jama'a. Kafin hannun tsohon ya kai, Abu Hamza ya riga ya hau dandalin. Ya ce, "Baba, bari." Ya sunkuya da alkyabbarsa, ya sa kafaɗa, ya miƙe. To, wanda ya ɗauki ruwa dole ya kai shi wani wuri. Ya ratsa dandalin daga wannan gefe zuwa wancan a gaban dukan iyayen makarantar, gajeren taku, ƙugu na tafiya, kafaɗa na tsaye. Ni da na yi wata da watanni ina goge katakon nan na duba bayansa. Ko ɗigo babu.

Tsohon ya juyo gare ni ya nuna ɗansa da haɓa. "Wannan ni na koya masa, tun bai kai tsawon sandar ba." Ya nuna jikan. "Wancan kuwa, ustaz, sai ka ƙara ƙoƙari."

Aka kira isha'i, kowa ya nufi alwala.

Ban halarci zaman majalisar iyaye ba, ba a gayyatar irinmu. Mudir ne ya same ni washegarin zaman ya ce an ga ɗakin ajiya na sama ya fi dacewa da kwamfuta, saboda ƙura ba ta kai can. Ya ce Abu Hamza ne ya kawo shawarar, ya kuma bar mini saƙo: ƙanen Hamza zai shigo ajina baɗi, kuma alƙali zai fito. Na ce tayyib, ba laifi. Alƙali ya fito.

Bayan wasu shekaru, ina shirin fita makaranta da safe, na ji a rediyo Dogo ya rasu. Suka jero sarakunan da ya fito, da lambobin da aka ba shi, da fina-finan da ya yi da tsufansa. Ba wanda ya ambaci sharar dandali ko shekarun riƙon mashi. Na so a ce na taɓa samun hanyar gaya masa cewa darasinsa na biyu na buƙatar gyara kaɗan in an zo wajenmu: kafin ka ce wa yaro ya zaɓi fuska, ka fara sanin waye wane a gidansu. Na tabbata da ya saurara, da kansa a karkace, kamar yadda yake sauraron komai.

Garewanin nan biyu suna bayan kicin, Mubarak, da sandarsu. Ɗaya ta ɗan yi tsatsa a gindi, amma ba ta yoyo. Famfo na tsakar gida. Ka cika su, ka kai mini su bakin ƙofa, 'yan'uwanka su ɗauka da wayar. In ka isa riga a bushe, sai mu zauna mu yi maganar wanda ya iya ƙarya.